Akwatin Hamajoda

A Garwa, watan da kwanon rufi ke gasa tafin hannu,
muka shiga ƙaramin asibitin Yelwa, ni da Hamajoda,
shi riƙe da akwatin ƙarfe mai tsatsa a gindi,
ni da tsani a kafaɗa da naɗin waya.

Ya buɗe shi kamar wanzami da zabira.
Kowane ƙarfe da sunan da ya raɗa masa:
mai fere rigar waya, Wanzamiya,
tana zagaya wuya sau ɗaya, ba ta taɓa jijiya.

Mai matse kai kuwa Kada,
in ya ciza ba ya saki sai ya ce ƙas.
Ga Basilla, mai cusa zare a ramin bango,
ta danna ta datse a bugu ɗaya.

Can ƙasa, cikin tsumma, Alƙali,
fitila takwas gare shi,
bai san maigida ba, bai san yarinya ba,
ba a ba shi goro ya yi ƙarya.

"Astajam, dubi yatsan nan."
Tabo ne fari, ya raba babban yatsa biyu.
"Reza ce, a Kusuri, ina saurin kama mota.
Sefa ɗari biyar na ƙi kashewa,
na biya da jini da wata guda na jinya.

Kashe wuta kafin ki huda bango.
Kada ki riƙe a tafi ki danna, nemi katako.
Bakin Basilla waje yake kallo.
Haƙori na cin kifi ne, ba filaya."

Na warware zare takwas, iya gaɓar yatsa,
ina jera su a baki kamar hadda:
farin lemo, lemo, farin kore, shuɗi,
farin shuɗi, kore, sai masu launin ƙasa a baya.

Ɗaki shida muka gama kafin azahar,
gumi na ɗiga daga haɓa zuwa siminti,
motocin auduga na girgiza taga.
Na bakwai shi ya ɗaura da hannunsa.
Na jona Alƙali, muna hira, muna dariya.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar,
sai takwas ta yi tsalle ta zauna gurbin shida.
Ya ce duhun ɗakin ne. Ya yanke, ya sake.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar,
takwas kuma. Na sunkuyar da kai don kunya.

Ya kai zaren bakin taga,
ya nesanta, ya kusanta, ya goge ido da hula.
Kore da launin ƙasa a tafinsa,
shekara ashirin yana raba su ko a magariba,
yau sun haɗa baki sun zama ɗaya.

Fanka ta juya sau nawa, ban ƙirga ba.
Wata mata a baranda tana lallashin jariri.
Sai ya ce, bai dube ni ba:
"Kira min su. Hannun bai mutu ba tukuna."
Na kira, yana dannawa, ƙas, ƙas,
fitila takwas suka bi layi kamar tumaki a hanya.

Malamar ɗakin gwaji ta leƙo:
"Rezo ya zo!" Ta koma da gudu.
Na tsince guntayen zare kada yaro ya haɗiye,
sauran na bi su da tsintsiya.

Da yamma a gindin gadar Binuwai
ya saya mana kifi, ya ci rabi ya bari,
yana kallon masu wanki suna naɗe zannuwa.
Sai a gida na ji jakata ta ƙara nauyi:
Basilla ce, naɗe da tsumman Alƙali.
Gobe akwai makaranta a Pitowa, ɗaki tara.
Ban san wa zai ɗauki tsani ba, ban yi tambaya ba,
na dai sa mata mai, na kai ta ajiya.